Falmaran Mai Tagogi

Shekarar da na haifi ɗana na fari, na koma gidanmu wanka, a cikin garin Kontagora, can bayan kasuwa. Turawa ba su tafi ba tukuna, ko da yake maganar mulkin kai ta fara yawo a bakin maza. Ni ba ita ta dame ni ba. Zama ne ya dame ni. Tun ina yarinya hannuna bai san hutu ba, sai ga shi an dasa ni a ɗaki, ba daka ba surfe, sai wankan ruwan zafi safe da yamma da shan kunun kanwa. In na ɗauki tsintsiya, Inna ta fizge. In na leƙa madafa, ta koro ni.

Akwai wata mata da ke zuwa duba mu, matar malamin asibiti. Mutuniyar wajen Rijau ce, Kirista, ta zauna wurin 'yan mishan tun tana budurwa, a can ta koyi karɓar haihuwa. Ita ta yanke wa ɗana cibi. Hausarta da ɗan karkata irin ta mutanen can, takan ce wa Inna "kai" ta ce wa Baba "ke", kuma ba wanda ya taɓa gyara mata. Ta girme ni nesa, saboda haka Yaya nake kiranta. In ta gama duba jariri ba ta tashi nan da nan. Sai ta zaro wasu tsinkayen ƙarfe guda biyu daga jaka, da ƙulli na zare, ta shiga saƙa tana hira, ko kallon hannunta ba ta yi.

Saƙar da na sani a lokacin ta masaƙa ce, wadda ake kafa itace a ja zare. Ban taɓa ganin tufa na fitowa daga tsinke biyu ba. Zuwanta uku ina kallo. A na huɗu na ce, "Yaya, ba ni in gwada."

"Mai jego da ƙarfe? Ki bari ki gama arba'in."

"Kafin arba'in haukacewa zan yi."

Ta yi dariya ta miƙo mini. Ranar na yi layi biyu, duk a cukurkuɗe, amma na gane inda zaren ke shiga da inda yake fita. Tsinkayen nata ke nan, ba ta da wasu. Sai Inna ta yi wa mai gyaran keke na bakin kasuwa magana, ya yanko wayar ƙafar keke guda biyu, ya goga bakinsu a dutse har suka yi sumul. Da su na koya, kuma da su na yi aiki shekara da shekaru. Cikin mako guda na saƙa wa jariri hula da ragowar zaren da Yaya ta ba ni.

Wata rana ta zo da wani aiki daban. Falmaran ce, wato 'yar riga marar hannu, take saƙa wa wata Baturiyar mishan. Jikin rigar duk ƙananan huji ne a jere, sun fitar da zanen ganye, ganye na bin ganye har wuya. Ita "taga" take ce wa kowane huji. Na ɗaga rigar saitin ƙofa, na hango bishiyar mangwaron tsakar gida ta cikinta.

"Wannan nake so," na ce.

"Wannan sai wadda ta yi wata shida tana saƙa."

"Nuna mini sau ɗaya. In na kasa, ki karɓe tsinkayena."

Ta nuna mini. Ashe ba wani asiri ba ne. Ki yafa zare a kan tsinke, taga ta buɗe, sai ki haɗa ido biyu, wato madaukan zaren da ke kan tsinken, ki ɗauke su tare don kada faɗin ya ƙaru. Wuyar abin tana wajen ƙirga, ni kuwa ƙirga ba ta taɓa ba ni tsoro ba.

Na riga na san wanda zan yi wa. Babana maɗinkin manyan riguna ne, mai aikin allura a wuya da aljihu. A lokacin idonsa ya fara rauni, aiki mai laushi da laluben yatsa yake yinsa. Bazara ce, irin ta garinmu da ko inuwa ba ta ceto, kuma kowace shekara in ta zo sai ƙurajen zafi su feso masa a baya da ƙirji. Ga shi mutum ne da ba ya zama a zaure ba riga, ko da zai narke. 'Yar cikinsa ta saƙi ce mai kauri, a kanta kuma ya ɗora babbar riga. Ina jin sa daga ɗaki yana sosa bayansa da bakin mafici.

Da ya shigo ganin jikansa na nuna masa ɗan abin da na fara. Ya karɓa, ya shafa, ya zura ɗan yatsa a wata taga.

"Mene ne wannan?"

"Falmaran zan yi maka, Baba. Iska za ta riƙa shiga."

"Shekara arba'in ina toshe huji a tufafin mutane," in ji shi, "ke kuma kin zo da sana'ar buɗe shi." Ya ajiye mini ya fita. Bai ce kada in yi ba, kuma a wurin Baba wannan izini ne.

Kuskurena na farko a zaɓen zare na yi shi. Yaya da ulu take saƙa, ni ma na ce ulu. Inna ta je kanti ta zo mini da launi uku in zaɓa, na ɗauki shuɗi mai haske saboda ya cika mini ido. Baba ya ɗauki ƙulli ɗaya ya shinshina, ya goga a gefen wuyansa. "Gashin tunkiya ne," ya ce, "tunkiyar ƙasar sanyi." Na ji shi sarai, amma kyan launin ya toshe mini kunne.

Kwana goma sha biyu na yi na gama bayan rigar. Da azahar na ɗora shi a bayana don in ji yadda yake. Kafin Inna ta idar da salla zufa ta jiƙa ni, ga ƙaiƙayi kamar na kwanta a kan ƙaiƙayin gero. Na ce wataƙila in an wanke zai yi laushi. Inna, da kyakkyawar niyya, ta tsoma shi a sauran ruwan wankana mai zafi, ta cuɗa shi da sabulu irin cuɗar da take yi wa zanen gado. Abin da ya fito bai fi faifai girma ba. Ya dunƙule ya yi tauri, tagogin duk sun rufe. Inna ta riƙe baki tana salati. Washegari na ce mata ta daina ba ni haƙuri, ai ta rage mini wahala ne, don ko bai ƙanƙance ba Baba ba zai iya sa shi ba. Ta mai da shi abin sauke tukunya.

Na tambayi Yaya, "Ba a yi da auduga?"

Ta ce ana yi, amma zaren audugar da ake saƙa da shi sai Ikko ko Kaduna, a ƙulle yake zuwa daga Turai. Na ce ga auduga a bayan gari har ana lodin ta a mota. Ta girgiza kai. "Baturiyarmu ta gwada zaren mazari. Saƙar karkacewa take yi. Ba ya yi, ƙanwata."

Ban yi mata musu ba, amma ban yarda ba. Na tattara duk zaren da ke gidan. Na fara da abawar Inna, zare mai kauri da ake sayar wa masaƙa. Na saƙa ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, ganyen ya ɓace cikin kaurin, tagogin suka zama kamar ramin ɓera. Na gwada zaren keken ɗinki, na riɓa shi huɗu. Ya fitar da zanen tsaf, amma ya yanke mini yatsa, kuma ƙyallen ya yi ƙarfi kamar komar masunta. Na ƙarshe shi ne siririn zaren da Inna ke kaɗawa jefi-jefi. Shi ya fi daɗi a hannu, zanen ma ya fito. Sai dai maganar Yaya ta tabbata. Da na wanke shi ya bushe, sai ya kwanta gefe guda kamar katangar da damina ta ci.

Na shanya su ukun a igiya na zauna ina kallon su. Baba ya zo wucewa da buta zai yi alwala, ya tsaya ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan na ukun. Bayan la'asar ya aiko Inna ta kira ni zaure, ta ce in zo da zaren.

Ya warware kamu ɗaya, ya riƙe bakinsa biyu, ya matso da hannuwansa kusa da juna. Zaren ya murɗe ya nannaɗe kansa.

"Kin gani? Gwauro ne. Shi kaɗai aka murza, hannu ɗaya, saboda haka kullum juyawa yake yana neman abokin zama. A masaƙa ana ɗaure shi ta ko'ina, ba shi da ta cewa. A tsinkenki kuwa sake yake samu. Ki yi masa aure."

Ya ɗauko zare biyu ya jera, ya janye ƙafar wandonsa, ya murza su a ƙaurinsa, amma ta hannun da ya saɓa wa kaɗin farko. Ya sake kusanto da hannuwansa. Zaren ya rataye shiru, ko motsi bai yi ba. Abin da ya gagari Baturiya, ashe yana zaune a zaurenmu yana sosa baya da mafici.

"Amma ba da wannan za ki yi ba," ya ce. "Nan kauri, nan siriri. Innarki gwana ce a abawa, Allah ya ba ta. Wannan aikin na wani hannu ne."

Inna tana bakin ƙofa, ta ce, "Na ji dai." Ta yi kwana biyu tana ba shi tuwo ba hira.

Hannun da yake nufi na wata tsohuwa ce Bakambariya daga wani ƙauye a wajen Ibeto. Ta fi shekara ashirin tana kawo masa zaren aikin allura. Ranar kasuwa ta zo, 'yar ƙarama, da kayanta a kafaɗa yadda matansu ke ɗauka, da lofe a baki. Baba ya shigo da ita har cikin gida. Hausarta kaɗan ce, amma ta ishe mu. Ta ga tsinkayena ta yi dariya har da tari. Ta ce in yi ta gani. Na yi mata layi ɗaya, ta tsuguna kusa tana bin zaren da ido.

Na ce, "Iya, irin wanda kike kawo wa Baba nake so."

"A'a," ta ce. "Na Malam zai huda tufa, dole ya yi ƙarfi. Naki ba ya huda komai. Naki kwanciya zai yi a jikin mutum. Sai zare mai barci."

Ta karɓi mazarin Inna da alli, ta ciro auduga daga cikin kayanta, irin mai dogon gashi da ta ce a bayan ɗakinta take shukawa, ba ta kai ta wurin awo. Ta kaɗa zare kashi uku a gabanmu, ɗaya mai tsananin murɗi, ɗaya sako-sako, ɗaya tsakatsaki. Baba ya aurar da kowanne a ƙaurinsa, ni kuma na saƙa 'yan layuka da su nan take. Mai tsananin murɗin ya yi kaushi. Sako-sakon ya yi taushi kamar kumatun jariri, Inna ma shi ta zaɓa, amma da na ja shi da ƙarfi sai ya sulale ya rabu. Na ɗaga na tsakiyar na ce wannan.

Tsohuwar ta dubi Baba ta ce, "'Yarka ce."

Bayan kasuwa biyu ta dawo da zaren cike da ƙwarya. Zuwa lokacin Inna ta huce, ita ta taya ni riɓawa. Ta ce murza a ƙauri aikin maza ne masu lokacin ɓatawa, ta haɗa zare biyu a mazari ta juya shi baibai, muka gama cikin kwana uku. Muka dafa zaren a ruwan toka don ya yi fari, kuma in zai ƙanƙance ya ƙanƙance tun yanzu. Muka rataye shi a inuwa da ɗan dutse a ƙasa.

Wannan karon ban yi gaggawa ba. Na saƙa ƙyallen gwaji, na auna shi da yatsu, faɗinsa yatsa takwas. Na wanke shi da ruwan zafi da gangan, na cuɗa shi yadda Inna za ta cuɗa. Ya bushe a miƙe, bai karkata ko'ina ba, sai dai ya rage yatsa ɗaya. Da Yaya ta zo na shimfiɗa mata shi a cinya. Ta juya shi gaba da baya, ta ja shi, ta ɗaga shi ga haske.

"Daga Kaduna aka kawo miki?"

"Daga Ibeto."

Ta ce in rantse. Na ce ta tambayi Baba. Ita ta taya ni lissafin idon da zan ƙara saboda yatsan nan ɗaya, muka auna tsohuwar 'yar cikin Baba don mu san faɗin ƙirjinsa.

Na yi arba'in, amma da yake haihuwar fari ce aka bar ni a gida har yaro ya yi ƙwari. Da safe in na gama da shi, sai in zauna gindin mangwaro. Na mai da ƙirgar kamar waƙar daka, yafa, haɗa, uku, haɗa, yafa, har Inna ta haddace tana yi a madafa ba ta san ma'anarta ba. Auduga ba ta da sauƙin kai irin na ulu, ba ta miƙewa, in kin matse hannu sai yatsu su yi tsami. Na koyi sassauta riƙo.

Na kai rabin gaban rigar sai na hango taga ɗaya ta ɓace a can ƙasa, wurin da yaro ya yi kuka na ajiye aikin a tsakiyar layi. Ganye ɗaya ya fito da gefe a shafe. Yaya ta ce in bar shi, ko ita sai da na nuna mata ta gani, kuma ai a ƙarƙashin riga za a sa.

"Idonki ne bai gani ba, Yaya. Baba da yatsa yake dubawa."

Na zare tsinken na warware aikin kwana huɗu. Inna ta fita daga wurin, ta ce ba za ta iya kallo ba. Ni kuwa ban ji komai ba, don na san hanyar komawa.

Da na haɗa gaba da baya sai wata matsala ta fito. Wuyan ya saki, ya yi lakaf kamar bakin tsohon buhu. A ulu bakin saƙa kama kansa yake yi, a auduga ba ya yi. Na rage idanu na sake, bai gyaru ba. Na kai wa Baba zaure na ce ga inda na tsaya. Ya bi wuyan da yatsa zagaye biyu, ya ce in bar masa. Kwana biyu rigar tana wurinsa. Ya ɗauko zaren tsamiya, wato alharinin gida, da yake ɓoyo don rigunan manya, ya bi bakin wuyan da hammata da irin ɗaurin da yake yi wa wuyan babbar riga, ƙanana ƙanana, duk da lalube. Da ya dawo mini da ita wuyan ya tsaya cak, ga launin tsamiyar mai ruwan ƙasa ya zagaye farin kamar an zana. Bai ce komai a kan sauran aikin ba. Na san ya bi kowane ganye, kuma da ya sami abin faɗa da ya faɗa.

Yaya ta koya mini mataki na ƙarshe. Muka wanke rigar, muka shimfiɗa ta da danshinta a kan sabuwar tabarma, muka ja ta daidai awo. Ba mu da allurai masu yawa, sai muka kafe gefunan da ƙayar aduwa. Ina ja, tagogin suna buɗewa, ganyayen da suka yi wata biyu a tattare suka miƙe kowanne ya ɗauki wurinsa. Maƙwabta mata suka shigo kallo, wata ta ce a ba ta ta taɓa, Inna ta ce sai ta wanke hannu.

Ranar Juma'a Baba ya sa ta a ƙarƙashin babbar riga ya tafi masallaci. Da ya dawo, ina leƙe ta tagar ɗakin Inna, na ga ya tuɓe babbar rigar ya rataye, ya zauna a zaure da falmaran kaɗai. Ban taɓa ganin haka ba tun da aka haife ni. Abokan hirarsa suka taru. Wani tsohon mahauci, abokin wasansa, ya zura yatsa a taga ɗaya ya ce, "Malam, gara ta ci maka riga."

"Garar gidana ce," in ji Baba, "kuma da lissafi take ci."

Ƙurajen ba su ɓace gaba ɗaya ba, ba zan yi ƙarya ba, amma sun ragu har ya daina neman mafici don susa. Kafin ruwan farko ya sauka mutum uku sun aiko suna so, har da magatakardan kotun alƙali. Na ce su jira kaka, tsohuwa ta ce audugarta ta bana ta ƙare, kuma ba zan saƙa da wani zare ba. Magatakardan ya aiko da ulu daga kanti don ya sauƙaƙa mini, na mayar masa da godiya. Yaya ta roƙi ƙulli biyu na ragowar zaren ta aika wa Baturiyarta, ta kuma zauna Inna ta koya mata juya mazari baibai. Yini guda ta yi mazarin na faɗuwa, Inna na cewa, "Ba haka ba, ke da kike karɓar 'ya'yan mutane ba su suɓuce miki!"

Da shuka ta yi ƙwari aka mai da ni ɗakina da gara da kayan yaro. Mijina ma'aikacin hanya ne, yini yake yi a rana tsakanin Kontagora da Tegina. Ashe labari ya riga ni zuwa. Bayan 'yan rakiya sun watse, ya ɗauki yaro ya yi masa wasa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce ya ji an ce surukinsa ya yi sabuwar riga.

"Ya yi."

"To. Allah ya sa a kashe lafiya."

Ya zuba wa kwandon da tsinkayena ke ciki ido. Na bar shi ya ɗan jira, sannan na tsinko zare kamu biyu na miƙe.

"Ajiye yaron," na ce. "Ɗaga hannuwanka in auna."